Teku a Cikin Randata

Mai surutu na aura. Wannan nake so a fara sani, domin waɗanda suka san maigidana bayan yaƙin basasa ba sa yarda in na faɗa. Mutum ne da in ya tsaya gaisawa a ƙofar majami'a ranar Lahadi, sai in je gida in tuƙa tuwo, tuwon ya huce, shi yana can yana ba mutane dariya. Ba mu daɗe da aure ba ya shiga soja, aka kwashe su zuwa kudu, can bakin teku. Ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, muka yi godiya ga Ubangiji, aka yanka akuya a ƙauyenmu wajen Kagoma. Bakin ne bai dawo ba.

Bayan an sallame shi ya sami aikin akawu a ofishin kaya na reluwe a Kafanchan, aka ba mu gida a kwatas, har da lantarki. Ni kuma ina koyarwa a firamare. Wanda ya gan mu daga waje sai ya ce mun ji daɗi. A ciki kuwa, mutum zai dawo daga aiki ya zauna a kujera ya zuba wa bango ido har in kira shi cin abinci. "Sannu." "Yauwa." Hirar yini ke nan. Wannan ma a ranaku masu kyau. Akwai ranakun da abin kan danne shi, ya kwanta ya juya wa duniya baya, ba ci, ba wanka, ba aiki, ni ce zan ɗaura ɗankwali in je ofishinsu in ce zazzaɓi ne. Fasto ya zo ya yi addu'a. Uwarsa, wadda nake kira Mama, ta aiko da saiwoyi daga ƙauye. Ni ma na yi nawa. Ina da baki, ban taɓa ɓoyewa ba: na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi, har kwano na taɓa makawa a bango don dai ya ɗago ya ce mini haba. Ko motsi bai yi ba. Abin da nake tsoro, wanda ban faɗa wa kowa ba a lokacin, shi ne wata rana zai yi irin wannan kwanciya ya ƙi tashi. Kuma layin dogo yana bayan gidanmu, ba na son yadda yakan tsaya yana kallonsa.

Ana nan sai wata rana ya shigo rungume da bokitin roba, yana tafiya a hankali kada ruwan ya zube.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Kifi."

"Na miya?"

"Na teku."

Na leƙa. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne, kowanne bai wuce babban yatsa ba, da zane baƙi da rawaya a jiki. A ƙasan bokitin ga duwatsu masu ramuka, wasu abubuwa sun tsiro a kansu suna kaɗawa. Na ce, "Maigida, wannan ai ko kyanwa ka ba ba za ta gode maka ba." Sai ya yi mini bayani. Bayani fa! Wai abokinsa ne, gadin jirgin ƙasan da ke zuwa Legas, wato mai kula da jirgin a hanya, ya roƙa; shi kuma ya sa aka kamo masa su tsakanin duwatsun bakin teku, ya riƙo su a ɗakinsa na jirgi har Kafanchan. Maganar da ya yi a yammacin nan ta fi wadda ya yi a wata guda. Na kama bakina, na ce to, Allah ya raya su.

Kafinta ya haɗa masa akwati na katako mai kauri, gilashi a gaba, aka shafe cikinsa da fentin da ake yi wa kwalekwale, aka ɗora shi a kan tebur a falo. Ruwan teku kuwa a jarka yake zuwa, ta jirgi, duk lokacin da gadin ya samu hali. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Matan zumunta suka samu abin tsokana: "Malama, yaushe za mu zo cin kifi?" Ina dariyar yaƙe, ina cewa su bari su yi ƙiba tukuna.

Ba su yi ƙiba ba. Cikin 'yan makonni ruwan ya yi dishi-dishi, ya fara wari, kifayen suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya mutu, maigidana ya kwanta. Wannan kwanciyar ta fi duk na baya muni. Na zagi kifi, na zagi gadin jirgi, na zagi tekun da ban taɓa gani ba. Da zagin ya ƙare sai na zauna na yi tunani. Duk makonnin da kifayen nan suke raye, mutumin nan kullum yana tashi da sassafe, yana cin abinci, yana tafiya aiki ba sai an tura shi ba. Abin da addu'ar Fasto da saiwoyin Mama da bakina ba su yi ba, 'yan abubuwan nan sun yi. Haushi ya kama ni, amma gaskiya ce.

Na ji an ce akwai wani Ba'indiye da ke koyar da kimiyya a sakandaren maza, wanda ya tashi a bakin teku a ƙasarsu. Ni da na fi kowa yi wa kifin nan ba'a, ni ce na ɗauki laima na je har gidansa. Ya saurare ni, ya karkaɗa kai irin nasu, ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ya ce ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya, in ya tsaya mutuwa yake yi. Sai an yi wani mazubi na biyu a ƙarƙashin akwatin. Ruwa ya riƙa malalowa daga sama yana sauka cikinsa, ya bi ta cikin duwatsu da yashi ya tace, ya sha iska, sannan ɗan inji ya sake tura shi sama. Haka dare da rana. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada ƙarfe ya taɓa ruwan, kada kuma ruwan rijiya ya shiga da yawa lokaci ɗaya, don kifin teku ba ya ɗaukar wannan. Ya shiga ɗaki ya ciro mini wani ɗan famfon tura ruwa na roba daga tsohon injin sanyaya ɗakinsa da ya lalace, ya ce in tafi da shi.

Na dawo na tsaya a kan maigidana, na ce, "Tashi. Ba hannunka ne ya kashe su ba, ruwan ne ba ya tafiya." Na zayyana masa duk abin da aka faɗa mini. Har na juya zan fita, sai na ji murya daga wajen bango.

"Da me za a yi na ƙasan?"

Da me kuwa? Durom ƙarfe ne. Babban bahon tasa da nake wanki da shi ya ɓantare a gindi, tsatsa ta fito. Bokitan roba na lokacin ƙanana ne, ba su kai ko'ina ba. Muka yi ta zagaya gida muna dube-dube, har na lura ya tsaya cak a ƙofar kicin yana kallon kusurwa. Na bi idonsa. Randata! Baƙar randar da Mama ta ba ni ranar aurena, wadda aka ɗauko a ka tun daga ƙauye. Ruwanta ko a tsakiyar zafin bazara sai ya kama haƙori. Duk baƙon da ya taɓa shigowa gidana daga cikinta na ɗebo masa ruwan maraba.

"Ko da wasa," na ce. "Cire idonka."

Ya fara komawa wajen ɗakin kwana, kafaɗunsa sun sauka. Kai, mutumin nan! Na ce, "To zo ka ɗauka, amma in ka fasa mini ita, da kai da kifinka ku nemi wani gida."

Aikin ya ci mana Asabar da yammacin Lahadi. Muka yi wa randar gammo da yashi a ƙarƙashin tebur don kada ta karkace. Kafinta ya huda bayan akwatin can sama kusa da baki, aka cusa tiyo mai kauri, aka liƙe gefensa, aka sauko da shi cikin randa. A bakin randar maigida ya rataya ɗan kwando, na yanka masa tsohon labulen raga ya shimfiɗa a ciki don ya tare datti. A gindinta ya jera duwatsun tekun da suka rage, da farfasassun ƙwaryar katantanwar ruwa, da yashin da na wanke har yatsuna suka yi fari. Famfon ya zauna a gefe, siririn tiyonsa ya hau sama ya shiga akwatin. Muka gwada da ruwan rijiya tukuna, tunda babu kifi a ciki. Ya sa filogi. Abin ya yi ɗan gurnani, ruwa ya hau, ya cika, ya sami hujin, ya sauko yana ƙara cikin randa. Muka tsaya muna kallo kamar ƙauyawa sun ga jirgi.

Sai ya ce bari ya ga abin da zai faru in aka ɗauke wuta. Ya zare filogin. Wayyo! Ashe siririn tiyon nan da ke kai ruwa sama, in injin ya tsaya, shi ne zai juyo ya zuƙo ruwan akwatin ya dawo da shi ƙasa. Kafin mu ankara randa ta cika ta tumbatsa, ruwa ya bi falo, tabarmata ta tashi tana yawo, takalmansa na coci suka jiƙe sharkaf. Ni ba falon nake kallo ba, shi nake kallo. Ya tsaya cikin ruwa har idon sawu, ya yi tsaki, ya sosa ƙeya. Sai ya wuce kicin, ya sa ƙusa a garwashi ta yi ja, ya zo ya huda wa tiyon ɗan ƙaramin huji daidai ƙasan fuskar ruwa. Muka sake cikawa, ya sake zare filogi. Ruwa ya ɗan sauka, hujin ya fito fili, ya ja iska ya yi fiit, komai ya tsaya. Ya ce, "Malama, ba ni alli." Na ba shi, ya ja layi a jikin randa inda ruwa ya kamata ya tsaya. Ni na kwashe ruwan falo, ban ko yi mita ba, abin da shi kansa ya ba ni mamaki.

Gadin ya kawo sabon ruwa da sababbin kifaye. A cikin wani dutse ma har da 'yar kaguwa da ta ɓuya ta biyo su. Da ta fara cizon kifi, maigida ya kama ta ya jefa cikin randa, na sa mata suna fursuna. Randar ta yi abin da ba mu zata ba: yadda take sanyaya mini ruwan sha, haka ta riƙa sanyaya wa kifin nasu. Jikinta na waje ya yi fari-fari da gishiri saboda tsattsafo, shi kuma yana ƙara ruwan sama kaɗan-kaɗan in ya ga an sauka daga layin alli. Na rufe bakinta da faifai saboda ƙura. Watanni suka wuce ruwan nan garau. Maigida yana ci, yana aiki, yana magana, ko da yake duk maganar ta kifi ce: wanne ya kori wanne, wanne ya ƙi cin abinci. Na karɓa hannu biyu. Na fara yin barci mai nauyi. Amma ban yaudari kaina ba, na san lafiyar mijina tana rataye ne a jikin wayar lantarki da randar ƙasa.

A farkon damina aka yi iska da asuba, ta kayar da wani abu a kan waya, muka tashi babu wuta. Maigida ya duba kifinsa, ya ce za su jure zuwa a gyara, ya hau kekensa. Ni ma na tafi makaranta. Hadarin ya watse, rana ta buɗe da zafi mai nauyi. Da aka tashi na dawo, ina shiga tsakar gida sai ga buhun acca da doya a jingine, ga Mama zaune a kan kujerar tsuguno. Ba ta aiko ba, ta dai samu motar masu citta ta biyo, maƙwabciya ta ba ta mabuɗi. Tun kafin zancen kifi rabonta da gidanmu.

"Mama! Sannu da zuwa! Yaya hanya? Yaya mutanen gida?"

Ta amsa a daƙile. Sai ta ce da yarenmu, "'Yata, zauna. Gara in faɗa miki kafin mijinki ya dawo."

Na zauna, na zaci mutuwa aka yi a ƙauye.

"Boko ba ya hana mace wanke randa," ta ce. "Na iso da ƙishi. Na ga randar da na ba ki, wai a ƙarƙashin tebur, na ce to, yayin birni ne. Na ɗaga faifai na ɗiba na kai baki. 'Yata, gishiri! Na leƙa, duwatsu, yashi, tsumma, har da wani abu mai ƙafafu yana kallona. Wannan ruwan kike ba ɗana? Ina zai warke?" Ta sassauta murya, ta dafa gwiwata. "Na wanke miki ita tas, na cika da ruwan rijiya. Macizan robar nan naku ma na mayar yadda na same su. Ba zan faɗa wa kowa ba."

"Yesu!"

Ban san lokacin da na kai falo ba. Ga randa fes, cike da ruwan rijiya, ga famfo a ciki, ga filogi a bango. Da wuta ta dawo a minti ɗaya cikin sa'o'in nan, da injin ya tura ruwan nan sama, da an gama. Na fizge filogin da ƙarfin da har soket ɗin ya girgiza. Tunda nake ban taɓa gode wa Allah don an ɗauke wuta ba sai ranar. Na durƙusa a wurin ina haki. Sai na ɗaga kai na ga kifayen. Ruwan akwatin yana nan, ɗan hujin ƙusa ya riƙe shi, amma duk sun taru a sama suna buɗe baki suna rufewa. Tun asuba ruwansu bai motsa ba, ga zafi.

Mama ta biyo ni tana tambaya lafiya. Na juyo na ce, "Da sabulu kika wanke?"

"Sabulu a randa? Ni mahaukaciya ce? Toka da soso, na ɗauraye har hannuna ya gaji."

Na yi ajiyar zuciya, sannan bakina ya ɓalle. Ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba, kafin ranar ko bayanta, amma ranar na ɗaga. Na ce ba ruwan sha ba ne, ruwan kifin ɗanki ne. Na ce kifin nan su ne suke tashe shi da safe. Na faɗa mata kwanakin da yake yi a kwance, da ƙaryar zazzaɓi, da abin da ya faru da na farko suka mutu. Har layin dogo na faɗa mata, abin da ban taɓa furtawa ba. Ina magana ina kuka, majina da hawaye, babu kyan gani.

Mama ta tsaya tana kallona. Ba ta ce na yi mata rashin kunya ba. Ta kwance zanenta ta sake ɗaurewa tamau, yadda take yi in za ta shiga gona, ta ce, "Nuna mini abin da zan yi."

Duwatsun a bakin rariya ta zubar, a gindin gwaiba, Allah ya sa akwai inuwa kuma ƙasa da danshi. Kajin maƙwabta sun rufe su suna tsattsaga. Zakara ya ruga da wani abu a baki, na hango ƙafar fursunata tana reto. Ta tafi ke nan. Muka kori kaji, muka tsince duwatsun, na ɗauraye su da ɗan ruwan teku. Muka kwashe ruwan rijiya daga randa har ɗigon ƙarshe, Mama ta goge cikin da tsumma mai tsabta. Ruwan teku da ya rage a bayan ƙofa jarka ɗaya ne da ɗan kaɗan. Muka jera duwatsu, muka juye, bai ko kusa da layin alli ba, amma ya isa a ɗiba.

Sauran aikin injin, kuma injin babu wuta. To mu muka zama injin. Na ɗauko kofin roba, na nuna mata: a ɗiba daga randa, a miƙe, a zuba daga sama yadda zai yi kumfa, ruwan ya malala ta huji ya koma ƙasa, a sake. Sunkuya, miƙe, zuba. Ban daɗe ba bayana ya fara ciwo, ni mai riƙe alli. Mama ta karɓa. Tsohuwar nan da ta yi rayuwarta tana noman citta, ko a jikinta. Can sai na ji ta fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, tana ɗiba tana zubawa daidai da waƙar, kamar mai niƙa. Muka yi ta karɓa-karɓa. A hankali kifayen suka fara barin sama, ɗaya ya koma ramin dutsensa, wani ya kori ɗan'uwansa kamar yadda ya saba. Sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Ban da guda ɗaya. Babbansu, wanda maigida ya fi ji da shi, ya kwanta a gefe, ya yi ta juyi, daga baya ya daina. Na sa hannu na ciro shi. Ina tsaye da shi a tafina, ina tunanin ko in jefa wa zakaran nan in ce ban san komai ba, sai na ji ƙarar keke a tsakar gida.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi falo jiƙe, ya dubi uwarsa da kofi a hannu, ya dubi hannuna da na dunƙule.

"Buɗe," ya ce.

Na buɗe. Na fara zuba bayani, kalma tana hawa kan kalma, wuta, zafi, rijiya, kaji. Bai saurare ni ba. Ya ɗauki kifin ya ɗora a tafinsa yana kallo. Ni kafaɗunsa nake kallo, don na san yadda suke sauka, na san kuma abin da ke biyo baya. A zuciyata ina cewa, ya Ubangiji, kada ka bari, kada ka bari.

Mama ba ta daina zuba ruwa ba. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ni ce. Kada ka ga laifin matarka. Na zo da ƙishi, na sha ruwan tekunka, na zaci ƙazanta ce na zubar."

Ya ɗago a hankali. "Kin sha?"

"Na kurɓa sosai kafin in gane. Har yanzu maƙogwarona bai dawo daidai ba."

Sai wani sauti ya fito masa ta hanci, ban san ko dariya ba ce ko me.

"Ni ma na sha," ya ce.

Ya ajiye kifin a kan faifai. Ya karɓi kofin daga hannunta, ya ce, "Mama, zauna ki huta." Ya sunkuya ya ɗiba, ya miƙe ya zuba. Sai ya ci gaba, da yarenmu, idonsa a kan ruwa. Ya ce ranar da aka fara kai su bakin teku sun yini suna tafiya babu ruwa. Su 'yan kan dutse, wa ya taɓa gaya musu? Suka ga ruwa har iyakar gani, suka zubar da kaya suka ruga. Shi da wani yaro ɗan wajen Nok, wanda suke kwana wuri ɗaya, su suka fara kaiwa, suka kafa kai suka sha. Ya ce sun yi amai, sauran sojoji 'yan kudu suna birgima don dariya. Ya ce yaron nan ne ya gano wani ɗan kududdufi tsakanin duwatsu, da irin waɗannan kifaye masu zane a ciki, ya rantse sai ya kai wa uwarsa guda a kwanon cin abincinsa, don in ya faɗa mata da baki ba za ta yarda ba.

Ya ɗiba, ya zuba. Mama ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ya kai mata?"

"Bai kai ba," ya ce. "Bari in gaya miki yadda aka yi."

Na sulale na fita. Wannan labarin ba da ni ya fara ba, kuma na ji tsoron in na yi ko tari zai tsaya. Na shiga kicin na zauna a kan turmi. Ta bango ina jin muryarsa, ba na jin kalmomin, sai tashinta da saukarta, da ƙarar ruwa a tsakani. Wani wuri ta karye, sai ta sake tashi. Ba zan ce ya warke a ranar ba. Ya sake yin ranaku masu nauyi bayan haka, amma bai ƙara juya mini baya ya yi shiru irin na da ba, kuma daga baya ni ma ya ba ni labarin, har ƙarshensa. A kan turmin nan dai abin da na sani kawai shi ne kifi ya mutu, mijina kuma yana tsaye da ƙafafunsa yana magana. Na yi kuka mai daɗi, na share fuska da bakin zane.

Ina nan zaune sai ƙwan lantarkin kicin ya kawo, wanda na gwada kunnawa da safe na manta ban kashe ba. An gyara waya. Na miƙe da sauri zan je in ce masa ya sa filogi ya huta. Na kai bakin ƙofa na tsaya. Yana ta ɗiba yana zubawa, yana ta magana, Mama ta tallafe haɓa tana saurare.

Na koma da baya, na miƙa hannu na kashe ƙwan. Na ɗora tukunya, na fara wanke accar da Mama ta kawo.